Me ya sa haihuwar taurari ta tsaya a manyan gungun galaksoshi?

Ɗalibar Fizik ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya game da manyan gungun galaksoshi (galaksi shi ne babban tarin taurari da gas da jan nauyi ya haɗa wuri guda), irin su gungun Coma da na Abell 1689, waɗanda kowannensu ya tattara ɗaruruwan galaksoshi ko dubbai a wuri guda. A hotunan da na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauka na irin waɗannan wurare, mafi yawan galaksoshin da ake gani mulmulallu ne, launinsu tsakanin rawaya da ja, kuma ba su da murɗaɗɗun hannuwan nan masu shuɗin haske da muka sani a jikin galaksinmu na Milky Way da maƙwabcinsa Andromeda. An koya mana cewa shuɗin haske alamar sababbin taurari ne, ja kuwa alamar tsofaffi. Idan haka ne, ke nan haihuwar taurari ta tsaya a inda galaksoshi suka fi cunkushewa, alhali a ganina nan ne ya kamata ta fi yawa, tun da nan ne kayan gina taurari suka fi taruwa. Shin haka waɗannan galaksoshi suke tun asalinsu, ko kuwa shigarsu cikin gungun ce ta sauya su? Idan gungun ne ya sauya su, ta wace hanya? Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka fi ni sani, Allah ya saka da alheri.

Mai Karatun Falaki ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da idonki ya gani gaskiya ne, kuma an auna shi. A shekarar 1980 Alan Dressler ya wallafa binciken da ya yi a kan gungu 55, inda ya rarraba galaksoshi kusan 6,000 bisa ga siffarsu, ya kuma nuna cewa gwargwadon cunkoson wuri, gwargwadon raguwar masu murɗaɗɗun hannuwa. A sarari, nesa da gungu, su ne mafiya rinjaye nesa ba kusa ba, amma a tsakiyar gungu mai cunkoso da ƙyar suke wuce kashi ɗaya cikin goma. Sauran ko dai mulmulallu ne masu siffar ƙwai, ko kuma masu siffar faifai marasa hannuwa, waɗanda masana ke yi wa lakabi da S0.

Maganarki cewa kayan gina taurari sun taru a can ita ma tana kan hanya, sai dai kayan ba su cikin yanayin da za su yi amfani. Tauraro yana samuwa ne daga gajimaren gas mai tsananin sanyi, kimanin digiri 260 ƙasa da sifili, wanda nauyinsa zai iya rinjayarsa ya dunƙule. Gas ɗin da ya cika tsakanin galaksoshin gungu kuwa zafinsa yana kaiwa daga digiri miliyan 10 zuwa miliyan 100, don haka ba ya dunƙulewa, kuma ba a ganinsa sai da na'urar da ke kama hasken eksire. Tauraron ɗan'adam mai suna Uhuru, wanda aka harba ranar 12 ga Disamba, 1970, daga wani dandamali a cikin teku kusa da Malindi a gaɓar Kenya, shi ne ya nuna cewa hasken eksiren da ke fitowa daga Coma da Perseus shimfiɗe yake a faɗin gungun. Yanzu an san cewa wannan gas mai zafi ya ninka dukan taurarin gungun nauyi sau da yawa, sannan shi kansa bai kama ƙafar wani ɓoyayyen abu marar haske ba, wanda ba a gane shi sai ta jan nauyinsa, kuma ya ɗauki sama da kashi 80 cikin ɗari na nauyin gungun. Fritz Zwicky ne ya fara hango wannan ɓoyayyen abu a 1933, lokacin da ya ga galaksoshin Coma suna gudun da nauyin da ake gani ba zai iya riƙe su ba.

Wannan gudun shi ne mabuɗin amsar tambayarki. Galaksin da ya faɗo cikin Coma yana tafiya da saurin kilomita 1,000 ko fiye a daƙiƙa guda, yana keta gas ɗin nan mai zafi. Gas ɗin ba shi da kauri ko kaɗan, domin a lita guda ba za a sami fiye da ƙwayar zarra ɗaya ko 'yan kaɗan ba, amma matsin da yake yi wa galaksin yana ƙaruwa ne bisa ga saurin an ninka shi a kansa, wato idan sauri ya ninku sau biyu, matsi ya ninku sau huɗu. James Gunn da Richard Gott sun lissafa a 1972 cewa wannan matsi ya isa ya tsige gas mai sanyi daga jikin galaksi. Abin ya yi kama da shiƙar hatsi: iska tana kwashe ƙaiƙayi, tsaba kuwa ta zube inda aka nufa da ita. Taurari su ne tsabar, sun yi nauyin da matsin ba ya ko girgiza su, gas kuwa sai ya bi iska.

Ana ganin wannan aiki yana gudana ƙuru-ƙuru. A gungun Virgo akwai galaksi mai suna NGC 4522, wanda faifan taurarinsa yake nan lafiya lau babu ko karkacewa, amma gas ɗinsa ya ƙare daga gefe-gefe, ragowar kuma an tura shi waje ta fuska guda. Da wani galaksi ne ya fizge shi da ƙarfin jan nauyi, da taurarin ma sun watse, saboda jan nauyi ba ya bambanta tauraro da gas. A gungun Norma kuma akwai ESO 137-001, wanda yake jan jelar gas mai tsawon tafiyar haske ta shekara kusan 260,000 a bayansa, har sababbin taurari suna samuwa a cikin jelar, waje da galaksin da ya haife su. Tun a 1985 Riccardo Giovanelli da Martha Haynes suka nuna, da ma'aunin da aka yi da babbar na'urar rediyo ta Arecibo, cewa masu murɗaɗɗun hannuwan da ke kusa da tsakiyar gungu suna da ƙarancin haidirojin, wato gas ɗin da taurari ke samuwa daga gare shi, idan aka kwatanta su da takwarorinsu na sarari.

Akwai wasu hanyoyi biyu da suke taimakawa. Ta farko ita ce wadda Richard Larson da Beatrice Tinsley da Nelson Caldwell suka bayyana a 1980: ko da gas ɗin cikin faifan bai tsige ba, gungun yana raba galaksin da siririn gas ɗin da ke kewaye da shi, wanda daga gare shi yake samun ƙari, sai ya ci gaba da cin abin da ke hannunsa har ya ƙare cikin 'yan biliyoyin shekaru. Ta biyu ita ce yawan giftawar galaksoshi kusa da juna da gudu, wanda kowace giftawa takan ɗan girgiza ƙaramin galaksi har siffarsa ta lalace, kamar yadda Ben Moore da abokan aikinsa suka nuna da kwamfuta a 1996. Da zarar gas ya ƙare, manyan taurari masu shuɗin haske, waɗanda ba sa wuce 'yan miliyoyin shekaru a raye, sai su mutu babu masu maye gurbinsu, a bar ƙananan masu jan haske da tsawon rai.

Tsohon Malamin Lissafi ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ba ni da ja a kan ko ɗaya daga cikin hujjojinsa. Abin da nake so in ƙara, ɗiyata, shi ne kada ki ɗauka cewa duk wani jan galaksi da ke cikin gungu a dā mai murɗaɗɗun hannuwa ne da aka tsige wa gas. Tsige gas yana iya mayar da mai hannuwa ya zama faifai marar hannuwa, amma ba zai iya mayar da faifai ya zama ƙaton mulmulalle irin NGC 4889 ko NGC 4874, manyan nan biyu da suka mamaye tsakiyar Coma ba. A cikin faifai taurari suna zagayawa ne ta fuska ɗaya cikin tsari, a cikin mulmulalle kuwa kowane tauraro da tasa alƙiblar, kuma babu abin da ke hargitsa tafiyar taurari haka sai haɗewar galaksoshi da juna.

A nan ne wani abin mamaki yake, domin haɗewa tana da wuya a cikin babban gungu na yau. Taurarin cikin galaksi suna tafiya da saurin kilomita 200 zuwa 300 a daƙiƙa, don haka galaksoshi biyu da suka gamu da saurin da ya haura kilomita 1,000 sai dai su wuce juna, jan nauyinsu bai isa ya riƙe su ba. Andromeda kuwa, wanda ke kusantarmu da saurin kilomita 110 a daƙiƙa, a ƙaramin rukuni yake tare da mu, kuma a irin wannan rukuni ne haɗewa take yiwuwa. Ma'anar wannan ita ce manyan mulmulallun sun gama yawancin haɗewarsu tun kafin gungun ya kai girman da yake da shi yanzu.

Launinsu ma ya ba da shaida. A 1992 Richard Bower da John Lucey da Richard Ellis sun auna launin mulmulallun Coma da Virgo, suka ga cewa idan aka jera su bisa ga ƙarfin haske, launinsu yana bin layi guda siriri, kusan babu mai kauce masa. Da a lokuta mabambanta haihuwar taurari ta tsaya musu, da launin ya warwatsu. Daidaituwarsa ta nuna cewa mafi yawan taurarinsu sun samu ne fiye da shekara biliyan 10 da suka wuce, cikin ɗan lokaci kuma da gaggawa. An ma ga farkon irin wannan al'amari da na'urar ALMA da ke ƙasar Chile: a 2018 aka sanar da SPT2349-56, inda galaksoshi 14 suka cunkushe a wurin da bai fi faɗin galaksinmu sau 'yan kaɗan ba, a lokacin da sararin samaniya bai wuce shekara biliyan 1.4 da samuwa ba, kowannensu yana haifar taurari da saurin da ya ninka na galaksinmu sau 50 zuwa 1,000. Saboda haka tunaninki na farko bai faɗi ƙasa ba. Wuri mai cunkoso shi ne ya fi ko'ina haihuwar taurari, amma a farkon zamani, kuma shi ya sa ya riga ko'ina gamawa.

Saura tambaya guda, wadda ni ta fi ɗaukar hankalina. A tsakiyar wasu gungu gas mai zafi yana da kaurin da ya kamata ya huce, ya kwarara cikin babban galaksin tsakiya, ya haifi taurari masu yawa, amma ba a ganin hakan sai kaɗan. Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne ƙaton baƙin ramin da ke cibiyar galaksin, wato wani dunƙulallen abu mai tsananin jan nauyi wanda ko haske ba ya kuɓuce masa. A gungun Perseus na'urar Chandra, mai kama hasken eksire, ta nuna wasu manyan kumfa a cikin gas mai zafi, waɗanda feshin da ke fita daga baƙin ramin NGC 1275 ya hura, kuma ƙarfin wannan feshi yana mayar wa gas ɗin zafin da ya rasa. Baƙin ramin galaksin M87 da ke Virgo, wanda aka fitar da hotonsa a 2019, nauyinsa ya kai na Rana sau biliyan 6.5. Inda wannan birki bai kama sosai ba ana ganin bambanci nan take, kamar a gungun Phoenix, wanda aka bayyana a 2012 cewa galaksin tsakiyarsa yana haifar taurarin da jimillar nauyinsu ta kai na Rana sau ɗaruruwa a kowace shekara, alhali galaksinmu bai wuce ɗaya zuwa biyu ba.

Ɗalibar Fizik ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina. Abin da na fahimta shi ne manyan mulmulallun da tsufansu suka zo, masu siffar faifai kuwa gungun ne ya kashe musu haihuwar taurari. To amma tun da wannan sauyi yana ɗaukar biliyoyin shekaru, babu wanda zai zauna ya kalli galaksi guda daga farko har ƙarshe. Misalan da Malam ya kawo na masu jela sun nuna cewa abin yana faruwa, sai dai ina so in san hujjar da ta nuna cewa ya faru da yawan da zai sauya fasalin gungu baki ɗaya. Sannan a ƙidaya, wane irin galaksi ne ya fi yawa a cikin gungu?

Mai Karatun Falaki ya amsa:

Hujjar tana cikin jinkirin haske, 'yar'uwa. Gungun Coma yana nesa da mu da tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 320, wanda a ma'aunin rayuwar galaksi kamar jiya ne. Amma idan muka dubi gungun da haskensa ya yi shekara biliyan 4 ko 5 a hanya, muna ganinsa ne yadda yake a wancan zamani, sai mu kwatanta shi da na kusa. Wannan ne Harvey Butcher da Augustus Oemler suka yi a 1978 da gungu biyu masu nisa, Cl 0024+1654 da wanda ke kewaye da galaksin 3C 295, suka tarar da galaksoshi masu shuɗin haske da yawan da ba a saba gani a tsakiyar gungun kusa ba. A 1984 suka faɗaɗa aikin zuwa gungu 33, inda kason masu shuɗin haske ya tashi daga kusan kashi 3 cikin ɗari a na kusa zuwa kusan kashi 25 a mafiya nisa. An yi ta muhawara a kan yadda aka zaɓi gungun da kuma yiwuwar cewa wasu galaksoshin ba 'yan gungun ba ne, a gaba ko a baya suke, amma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da ainihin abin da suka gani.

Da na'urar Hubble ta ba da damar ganin siffa a irin wannan nisa, sai Dressler da abokan aikinsa suka duba gungu 10 a 1997. Sakamakon ya dace da maganar Baba Malamin Lissafi da tawa a lokaci guda. Kason mulmulallu a wancan zamani bai gaza na yau ba, wato sun riga sun kammala. Kason faifai marasa hannuwa kuwa ya gaza na yau sau biyu zuwa uku, masu murɗaɗɗun hannuwa suka cike gurbin. Abin da ya ragu a wani ɓangare shi ne ya ƙaru a ɗayan, kuma a ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da muke da ita.

Har waɗanda ke tsakiyar sauyawa an kama. A 1983 Dressler da Gunn sun rarraba hasken galaksoshin gungun 3C 295, suka sami wasu da ba su da alamar sababbin taurari ko kaɗan, amma cike suke da taurari masu matsakaicin nauyi, irin waɗanda ba sa wuce kimanin shekara biliyan ɗaya a raye. Galaksi ba zai kasance a haka ba sai idan yana cikin haihuwar taurari sosai aka katse shi farat ɗaya, ba da daɗewa ba. Ki lura kuma cewa galaksi mai saurin kilomita 1,000 a daƙiƙa yana bukatar kusan shekara biliyan 2 kafin ya keta nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 6, don haka ratsawa guda ta tsakiyar gungu ta isa ta yi wannan aiki. Wasu ma tun kafin su iso sun fara rasa gas, a cikin ƙananan rukunonin da suka faɗo tare.

Mai Duban Sama ta amsa:

Tambayarki ta biyu ce zan ɗauka, ƙanwata, domin hotuna suna ruɗar ido a kanta. Manyan galaksoshin da suka cika hoto su ne 'yan tsiraru a ƙidaya, mafiya yawa kuwa ƙanana ne masu dusasshen haske. Bruno Binggeli da Allan Sandage da Gustav Tammann sun fitar da kundin Virgo a 1985, mai ɗauke da galaksoshi 2,096 na wannan yanki, kusan 1,300 daga ciki tabbatattun 'yan gungun, kuma mafi yawansu ƙananan mulmulallu ne marasa gas. A sarari ƙananan galaksoshi galibi suna da gas kuma suna haifar taurari, sai dai idan suna raɓe da wani babba. Wannan bambanci ya fi na manyan fitowa fili, kuma dalilinsa a bayyane yake: ƙaramin galaksi ba shi da nauyin da zai riƙe gas ɗinsa, don haka shi ne farkon wanda gungu ke talautawa. Duk mai son auna tasirin muhalli a kan galaksi, a wurin ƙananan ya kamata ya fara.

Ƙidayar ma ba ta tsaya ba, saboda kowace sabuwar na'ura tana tono waɗanda suka ɓuya. A 2015 Pieter van Dokkum da abokan aikinsa, da wata na'ura mai suna Dragonfly da aka harhaɗa daga gilasan kyamara na ɗaukar hoton nesa, sun sami galaksoshi 47 a Coma waɗanda faɗinsu ya kusa na galaksinmu amma taurarinsu ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na namu ba. A shekarar ce kuma aka sake duba hotunan na'urar Subaru da ke Hawaii, adadin ya tashi zuwa 854. Yawancinsu jajaye ne, ba sa haifar taurari, kuma zamansu a wuri mai fizga irin Coma ba tare da sun wargaje ba yana nuna cewa ɓoyayyen abu mai yawa ne yake riƙe da su. Waɗanda suka wargaje kuwa taurarinsu ba su ɓace ba, suna nan suna yawo tsakanin galaksoshi, suna ba da wani siririn haske da Zwicky ya fara lura da shi a Coma a 1951.

Idan kina da hanyar samun ƙaramar na'urar hangen nesa, Virgo ne ya fi dacewa da gwaji, domin tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 54 kawai ke tsakaninmu da shi, kuma M87 yana kan digiri 12 arewa a taswirar sama, daidai da matsayin Kano a taswirar ƙasa, saboda haka yana bi ta tsakar ka ga mai kallo daga wannan yanki, wajen tsakar dare a farkon Afrilu, ko wajen ƙarfe 10 na dare a farkon Mayu. Ki nemi wuri mai duhu nesa da fitilun gari, a daren da babu farin wata. M87 da M84 da M86, waɗanda ke tsakiyar gungun, za su bayyana a matsayin dunƙulallen haske mai santsi. M99 da M100, waɗanda ke can gefe, masu murɗaɗɗun hannuwa ne da har yanzu suke haifar taurari, ko da yake ganin hannuwan yana bukatar babbar na'ura ko hoto. M90 yana tsakanin ɓangarorin biyu: siffarsa ta mai hannuwa ce, amma ya riga ya rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na haidirojin ɗinsa, kuma a hoto mai kyau za ki ga hannuwansa na waje sun yi sumul, babu ɗigo-ɗigon sababbin taurarin da ake gani a jikin M100.